Yadda Na Rasa Sarauniyar Tururuwa da Hannuna

Washegarin wani ruwa mai ƙarfi na farkon damina na tsinci wata sarauniyar tururuwa a gindin katangar gidanmu, ta riga ta kakkarya fukafukanta, alamar cewa an yi mata barbara kuma tana neman inda za ta haƙa ɗakinta na farko. Na saka ta a kwalbar gwaji mai ruwa a gindinta, na toshe da auduga, na ajiye cikin akwati mai duhu. Ban ba ta abinci ba, domin a wannan lokaci jikinta ne ke narkar da naman ƙirjin da ke kaɗa fukafukai, da shi take ciyar da tsutsotsinta. Bayan kimanin mako 7 ma'aikata 6 suka fito, ƙanana ƙwarai kamar yadda 'yan fari suke kasancewa.

A nan gaggawa ta shige ni. Na ga guda 6 ɗin nan suna fama da ƙwayar gero ɗaya, alhali a bayan gidanmu akwai babban gidan tururuwa iri ɗaya da su, dubbai suna jerin gwano da hatsi a baki. Sai na ɗebo kusan 30 na zuba musu, a tunanina na kawo wa sarauniya masu taimako. Da asuba na tarar da ita a kwance, an cire mata ƙafafu, baƙin suna riƙe da ita ta kowane gefe, kuma biyu kacal suka rage cikin 'ya'yanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san dalilin tun kafin in aikata, na dai ɗauka cewa zama iri ɗaya ya isa. Tururuwa ba da ido take gane 'yar gidansu ba. Jikin kowace yana lulluɓe da wani siririn maiƙo mai kama da kaki, kuma 'yan gida ɗaya suna cuɗanya shi ta hanyar lasar juna da musayar abinci baki da baki, har ƙanshinsu ya zama ɗaya. Idan biyu suka haɗu suka taɓa juna da 'yan ƙahonninsu, wannan ƙanshi suke tantancewa, kuma wadda nata ya bambanta abokiyar gaba ce ko da kamanninsu ɗaya ne. A wurin guda 30 ɗin da na kawo, sarauniyata baƙuwa ce da ta cancanci kisa.

Asarar kuwa ba ta gyaruwa. Ma'aikata duk mata ne, amma ba a yi musu barbara ba, don haka ko sun yi ƙwai maza kaɗai za a ƙyanƙyashe. Sarauniya ce ke adana maniyyin da ta samu ranar da ta tashi sama aka yi mata barbara, da shi take haifar mata har ƙarshen rayuwarta, wadda kan yi tsawo sosai: an taɓa renon sarauniyar baƙar tururuwar Turai, Lasius niger, har kusan shekara 29. Tawa ba ta cika wata 2 a hannuna ba.

Wanda lallai yake son ƙara wa sabon gida ƙarfi, kada ya kawo manya. Ya ɗauko waɗanda suka wuce matakin tsutsa amma ba su fara motsi ba, daga iri ɗaya, domin sau da yawa ana karɓarsu, kuma idan suka fito ƙanshin gidan da suka tarar suke ɗauka. Ni dai ko wannan ban ƙara gwadawa ba. Sai da na jira wata damina kafin na samu sabuwar sarauniya, yanzu tana da ma'aikata 11, kuma sau ɗaya a mako nake buɗe akwatin in duba ruwa, in ajiye gero kaɗan, in rufe.