Nuna abu daban, juya shi daban: dabarun hannu a VR

Hanya mafi sauƙi ta ɗaukar abu a VR (duniyar kwamfuta da ake gani ta gilashin da ake sawa a fuska) ita ce ka miƙa hannu ka kama shi. Sai dai hannu ba ya wuce tsawonsa, shi ya sa yawancin manhajoji ke fito da layin haske daga rimot ɗin da ke hannunka: ka nuna, ka danna kunamar rimot ɗin, abu ya zaɓu.

Layin nan ba ya yafe rawar hannu. Karkacewar digiri 1 a wuyan hannu tana zama kusan santimita 17 a nisan mita 10. Dannawar ita kanta tana girgiza rimot, sai layin ya zame a daidai lokacin da ake so ya tsaya. Gyaransa shi ne manhaja ta riƙa ajiye inda layin ya bi, ta ɗauki abin da ya nuna gab da dannawa. A kuma faɗaɗa yankin zaɓi ya ɗan fi abin girma, abin ya sauya launi idan an nuna shi. Ana iya tace rawar, amma tacewa in ta yi yawa sai layin ya riƙa jan ƙafa a bayan hannu.

Babbar matsalar tana zuwa bayan zaɓe. Abin da ke maƙale a bakin layi tamkar an soke shi ne a doguwar sanda: ka murɗa hannu, maimakon ya juya a inda yake sai ya yi shawagi. Dabarar HOMER ta Bowman da Hodges, ta 1997, ta raba aikin biyu. Layi ya zaɓa, sannan hannun cikin VR ya tsallaka wurin abin, juyawa ta koma wuyan hannu. A ganina duk manhajar da ake jera kaya a cikinta daga nan ya kamata ta fara.

Dabarar Go-Go ta Poupyrev da abokan aikinsa, ta 1996, hannun take miƙarwa. Har kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hannu motsi daidai yake da na zahiri, daga nan sai ya riƙa ninkuwa. Tana kai wa nesa, amma saiti yana raguwa can ƙarshe.

Apple Vision Pro, gilashin kamfanin Apple da ya fito a 2024, ya bar wa ido nuni, haɗa babban yatsa da manuni kuma shi ne dannawa. Ido kaɗai ba zai yi ba, don mutum na kallon abin da bai nufi zaɓa ba. Kuma ido yakan riga yatsu barin wuri, don haka a ba maɓallai tazara, kada zaɓin ya faɗa kan na kusa.