Jinin da na auna ba na yaron ba ne kaɗai

Ƙannena masu shirin shiga ɗakin gwaje-gwaje, gemuna ya taɓa kamawa da wuta, shi ya sa nake so ku shafa wa naku ruwa tun yanzu.

Lokacin da nake digiri na biyu, bincikena a kan sikila ne, wato amosanin jini. Na zaɓe shi ne saboda da wuya ka samu unguwar da ba ta da gidan da ake kwana zaune da yaro mai ciwon ƙashi, kuma Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan jariran da ake haihuwa da wannan cuta. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙanƙantar asalinta. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin mai sikila, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jan ƙwayar jini, yana tafiya daban da na mai lafiya idan aka saka masa lantarki. Tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano inda bambancin yake. A cikin sarƙar beta, wani sashe na himogulobin mai ɗauke da ƙananan tubala 146 da ake kira amino asid, guda ɗaya tak ce ta canza, ta shida: balin ya zauna a gurbin gulutamik asid. Idan oksijin ya yi ƙaranci, sai irin wannan himogulobin ya manne da ɗan'uwansa ya zama dogayen zaruruwa masu tauri, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120.

Tambayata mai sauƙi ce. Me ya sa yara biyu duk SS, wato waɗanda suka gaji sikila daga uwa da uba, ɗaya kullum yana gadon asibiti, ɗaya kuma yana buga ƙwallo a layi? An daɗe da sanin cewa himogulobin ɗin da jariri yake zuwa da shi daga ciki, wanda ake kira HbF, yana hana zaruruwan nan haɗuwa. Shi ya sa cutar ba ta cika bayyana ba sai jariri ya kai wajen wata shida, lokacin da HbF ya ja baya. Wasu kuma nasu ba ya raguwa sosai har su girma. Sai na ce bari in auna HbF a jinin yaran da ke zuwa asibiti, in kwatanta da yawan tashin ciwonsu.

Sakamakon ya fito da kyau har ya wuce misali. Duk yaron da ya fi shan wahala, nasa HbF ɗin ya fi ƙasa. Na zana jadawali, layi ya miƙe sambal, na soma hango sunana a mujalla. Ko barci ban yi sosai ba a daren.

Akwai wani dattijon ma'aikaci a ɗakin, ba shi da digirin da nake nema, amma ya fi shekara ashirin yana gwajin jinotayif. Ya ɗauki takardar gwajin wani yaro ya ɗaga ta sama, ya ce, “Ɗan nan, wannan yaron SS ne ko AS?” Na ce SS ne, Baba, ga katinsa. Ya ce, “To wannan layin na A daga ina ya fito?” Na yi shiru, don layin A alamar himogulobin mai lafiya ce, kuma mai SS ba shi da shi. Ya ce, “Ka tambayi mahaifiyarsa yaushe aka yi masa ƙarin jini?”

Ban tambaya ba. Babu ma gurbin wannan tambaya a takardar da na tsara.

Jinin da aka ƙara wa mutum yana iya kai wata uku yana yawo a jikinsa. Abin da na zuba a na'ura gauraye ne, na yaron da na wanda ya ba shi jini, baligi mai lafiya wanda HbF ɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Jinin baƙo ya tsarma na mai gida. Su wa aka fi yi wa ƙarin jini? Waɗanda suka fi jin jiki. Ashe layin da ya miƙe mini sambal, wani ɓangarensa ledar jini ce ta zana shi. Da na koma kan katunan sai na ga wata matsalar ta juyin waina: wasu yaran suna shan haidiroksiyuriya, maganin da aikinsa ke nan ƙara HbF, kuma an ɗora su a kai ne saboda ciwonsu ya yi tsanani. Ga shekaru ma ban raba ba, na haɗa ɗan shekara biyu da ɗan sha biyar a kwando ɗaya. Sai da na zubar da aikin watanni, na sake tsara takardar tambayoyi, na koma ɗakin jira ina zama da iyaye mata ina tambaya dalla-dalla. A nan na gane cewa “Hajiya, an taɓa ƙara masa jini?” ba ta wadatar. Sai ka ce, kafin azumi ne ko bayan salla? Leda nawa? A wane gari? Uwa ba ta mance ranar da aka ɗaura wa ɗanta jini, kai dai ka iya tambaya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ga layin A ɗin nan da idona tun farko. Na ce wa kaina datti ne a takarda, don kawai ba na son abin da zai ɓata mini jadawali. Tun daga lokacin, ranar da sakamako ya zo daidai da abin da nake fata, ranar nake ƙara zarginsa. Nakan kai shi wurin wanda na san ba ya jin nauyina in ce ya nemo mini inda na yi kuskure.

Kuskure na biyu ya same ni a wajen PCR, dabarar ninka ɗan guntun DNA har ya yi yawan da za a iya gani. Abin sha'awa, takardar farko da aka buga a kan wannan dabara a 1985 a kan gano sikila take. Canjin harafi ɗaya a rubutun DNA, GAG zuwa GTG, wanda shi ne asalin sikila, yana goge wurin da wani sinadari mai yankan DNA yake kamawa, don haka na mai lafiya yana yankuwa, na mai sikila ba ya yankuwa. Ƙa'ida ce kowane zagaye ka saka bututu ɗaya da babu komai a ciki sai ruwa da kayan haɗi, don ya zame maka shaida. Ni kuwa kayan haɗin da tsada, daga waje ake odarsu, sai an yi wata da watanni kafin su iso. Na ga asara ce in ɓata su a kan ruwa. Sati biyu ina samun yaran da na san SS ne suna fitowa AS. Da na gaji na saka bututun ruwan, sai ga ruwa ma ya fito da jinotayif. Abin da ya faru, a kan teburi ɗaya nake buɗe bututun da aka gama ninkawa kuma nake haɗa sabo, da abin zuƙo ruwa guda ɗaya. Ɗigon da ido ba ya gani ya gurɓata komai. Kayan da na yi wa rowa, na zubar da ninkinsu goma. Ku raba wurin haɗawa da wurin buɗewa, ko da labule ne a tsakani, kowane wuri da kayan aikinsa da safar hannunsa.

Sauran ƙanana ne, amma sun ci mini rai. Na rubuta lamba a jikin bututu da alƙalamin da sifirit ke gogewa. Na tara DNA ɗina duka a firiza ɗaya, aka ɗauke wuta ranar Juma'a, janareta bai tashi ba sai Litinin. Yanzu kowane samfuri kashi uku nake raba shi, a firiza biyu a gini biyu, kuma ina da lambar wayar mai kula da janareta, muna gaisawa ko ba matsala. Littafin aiki kuma a rubuta a lokacin, har da abin da ya lalace da sunan kwalbar da aka ɗiba. Ƙwaƙwalwa tana gyara labari yadda zai yi wa mai ita daɗi.

Kada wannan ya sa ku ga aikin ba shi da riba. HbF ɗin nan da ya wahalar da ni, a 2008 masu bincike suka nuna cewa wani furotin mai suna BCL11A ne yake kashe shi bayan haihuwa. Shekara 15 bayan nan, a ƙarshen 2023, Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin ɓargon mai sikila don HbF ya dawo. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, adadin da in ka faɗa a ɗakin jiran asibitinmu sai a ɗauka zolaya kake. Tambayoyin da suka rage mana a nan, irin su wane yaro ne zai amfana da haidiroksiyuriya, nawa za a ba shi, me zazzaɓin cizon sauro yake yi wa jininsa, jinin yaranmu ne zai amsa su, kuma ku ne za ku riƙe bututun.

Dattijon nan ya yi ritaya. Takardar gwajin yaron tana nan manne a bangon farko na littafin aikina, layin A ya ɗan koɗe amma ana ganinsa. Duk ɗalibin da aka turo mini, ita nake fara miƙa masa, in ce ya faɗa mini jinotayif ɗin mai wannan jini. Yawancinsu AS suke cewa, ba tare da sun tambaye ni komai ba.