Abin da maƙeran Silla suka bar wa masu irin sana'ata

Ƙaramin shagon ƙirar zinare nake da shi a Kano, ni da yarana. Yawancin aikinmu narka tsohuwar sarƙa ne mu mayar da ita sabon yayi, sai gyaran zobe da 'yan kunnen lefe. Duk wadda ta shigo, tambayarta ta farko ita ce giram nawa ne. Da an zo maganar kuɗin aiki sai a haɗe rai. Wannan ne ya sa nake yawan nuna wa yarana hotunan kayan da aka tono a Gyeongju, tsohuwar fadar masarautar Silla a Koriya ta Kudu.

A 1921 ana haƙa ƙasa wajen aikin wani gida a garin aka ci karo da kabarin da yanzu ake kira Geumgwanchong, ɗauke da kambin zinare. A 1973 aka buɗe wani kabarin mai suna Cheonmachong, aka sami wani kambin mai tsawon santimita 32.5, tare da ɗamara ta zinare. Kayan ƙarni na 5 da na 6 ne. Ɓarayi ba su kai gare su ba saboda ɗakin katako ake wa mamacin, a jibge duwatsu a kai, sannan a rufe da tudun ƙasa.

Zinaren kambin falle ne marar kauri, an yanka shi kamar rassan bishiya da ƙahon barewa. An huda shi wuri-wuri, an rataya ƙananan faya-fayen zinare da lanƙwasassun koren duwatsu da suke kira gogok, kowane ɗaya da murɗaɗɗiyar wayarsa. Ko motsi kaɗan aka yi, duka za su kaɗa.

Amma ni 'yan kunnen da aka samo a unguwar Bomun-dong ta Gyeongju sun fi tsaya mini a rai. Kauraran zobba ne, an zana musu gidaje masu kusurwa shida da siririyar waya da ƙwayoyin zinare ɗaruruwa. Na san wahalar wannan aikin. Sai ka ja waya ta yi siriri, ka yayyanka ta daidai wa daida, ka baza a kan gawayi, ka ba ta wuta har kowane gutsure ya dunƙule ya zama ƙwaya. Sannan ka jera su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Wurin liƙawa ne ake gane gwani: wuta ta yi kaɗan su zube, ta ɗan wuce kima su narke su zama fili. Mutanen nan ba gas, ba gilashin ƙara gani, suka yi shi tsaf.

Na fara sa babban yarona yana koyon wannan ƙwayar da azurfa, bayan la'asar in ciniki ya lafa. Masu neman irin sa ba su da yawa, don 'yan Dubai sun fi shi araha, kuma mai saye ta san in ta tashi sayarwa awo kawai za a yi mata. Duk da haka mun samu wata hajiya da ta ba da aikin 'yan kunne biyu na 'ya'yanta, ta kuma biya kuɗin aikin ba tare da ta nemi ragi ba.