Abin da muka tarar a ƙarƙashin kafet

Yau sati uku ke nan ni da maigida muna fama da tsohon gidan da muka saya a Birmingham ta Ingila, irin jerin gidajen jan bulo na zamanin Sarauniya Biktoriya.

Takardar adon da ke manne a bangon falo ita ta fi ba mu wuya. Ashe hawa uku ce, duk wanda ya zauna a gidan sai ya liƙa tasa kan ta wancan. Sai da muka yi hayar injin tururi, a jiƙa, a kankare, wani wurin har filasta ta biyo. Kafaɗata har yanzu tsami take.

Amma da muka yaye kafet, wallahi shiru na yi. Katako ne shimfiɗe, ya yi baƙi ƙirin. Muka nutsar da kawunan ƙusoshi, muka bi shi da injin samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 40, sai 80, sai 120. Ƙura kam, har cikin tukunyar miya! Da muka shafa masa mai, sai ga shi kamar zuma.

Hajiya ta gani a waya, ta ce: "To, yanzu yaushe za ku sa kafet ɗin?"