Laraba, a kan shafin makarantar Hajiya

Ko karin kumallo ban gama ba Hajiya mai makaranta ta kira. Iyayen yara sun dame ta da waya, wai duk wanda ya buɗe shafin makarantar a wayarsa sai a wuce da shi wani shafin caca. Ita kuwa ta duba a kwamfutar ofis, lafiya lau. Na ce, "Ranki ya daɗe, da gangan suke yin haka. Suna ɓoye wa mai shafi ne don kada a gano su da wuri."

Shafin a kan WordPress yake, manhajar gina shafukan intanet, kuma ba daga nan ɓarnar ta shigo ba, domin tun 2013 yake ɗaukar ƙananan gyare-gyaren tsaro da kansa. A cikin fulogin na same ta, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi don su yi masa wasu ayyuka. Akwai wani na sayarwa da aka sauko da shi kyauta daga wuraren da ake raba na sata. Irin waɗannan ba sa samun sabuntawa, kuma sau da yawa wanda ya raba su ya riga ya cusa abinsa a ciki. Raina ya ɓaci, don kuɗin da aka guje wa bai kai rabin wahalar yau ba.

Hajiya ta ce, "To Malam, ka sabunta komai mana, a huta." A nan muka daɗe. Faci, wato gyaran da sabuntawa ke kawowa, yana toshe ramin da aka shigo ta ciki, amma ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga. Na ba ta labarin Drupal, wata manhajar gina shafuka irin WordPress. Ranar 15 ga Oktoba 2014 suka fitar da facin wani babban rauni, cikin 'yan sa'o'i masu kutse suka fara bin shafuka. Daga baya masu Drupal da kansu suka ce duk shafin da bai yi facin cikin awa 7 ba, a ɗauka an shige shi. Abin da ya fi ba ta mamaki, wasu masu kutsen su suke sa facin bayan sun shiga, don kada wani ɓarawon ya zo ya raba da su. Mai shafi ya duba ya ga komai sabo, hankalinsa kwance.

Har la'asar ina kai. Na rufe shafin, na ajiye kwafinsa yadda yake, na goge fulogin ɗin satar da duk waɗanda ba a amfani da su, na zuba sabbin fayilolin WordPress. A foldar hotuna na tarar da fayilolin PHP, masu ɗauke da umarnin da saba (kwamfutar da shafin ke zaune a kai) ke gudanarwa, inda ba su da aikin komai, ɓarauniyar ƙofar ke nan. Na cire su, na hana saba gudanar da PHP a foldar. Sai ga wani asusun shugaba, mai cikakken iko da shafin, da babu wanda ya san shi a makarantar. Na goge shi, na canza kalmomin sirri har da na rumbun bayanai, na sauya makullan tsaro da ke fayil ɗin saituna, wp-config.php, don duk wanda ke ciki ya faɗo waje. Na sa tantancewa mai mataki biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri, na kunna sabunta fulogin kai tsaye, wanda ya zo tun sigar 5.5 a 2020 amma an bar shi a kashe.

Caca ba ita ce ta fi damuna ba. Fom ɗin neman gurbi yana ɗauke da sunayen yara, hotunansu da lambobin iyayensu, kuma mai asusun shugaba yana iya ganinsu duka. Na gaya wa Hajiya dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai idan kutsen na iya cutar da mutane, kuma iyaye ma sun cancanci su ji daga bakinta. Ta yi shiru, sannan ta ce in zo gobe da safe mu rubuta takardar tare. Kafin nan zan bi rajistar saba in ga ranar da suka fara shiga.