Kafin ka kwance inji, leƙa ƙarƙashin jirgin

A nan Sakkwato yawancin abin da ke zuwa hannunmu injin ban ruwa ne, na 'yan fadama masu albasa da shinkafa, daga Kwalkwalawa har Wurno da Goronyo. Jirgin ruwa mai inji sai jefi-jefi, galibi in damina ta yi nauyi. Wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san amfanin jirgin da ke iya ratsa ruwa marar zurfi ya kwaso mutane. Shi ya sa in irinsa ya zo gyara nake ba shi hankalina duka.

Jirgin da nake nufi ba shi da farfela a waje. Ta wata kafa mai raga a ƙarƙashinsa yake zuƙar ruwa, imfela, wato fankar ƙarfe da ke juyawa a cikin famfo, ta matsa ruwan cikin bututu, ta feso shi ta baya, wannan feshin ne ke tura jirgin. Wani ɗan ƙasar Niyu Zilan, Bill Hamilton, shi ya fito da irinsa na zamani a shekarun 1950 saboda kogunansu marasa zurfi ne, duwatsu suna karya farfela. In ka duba da kyau famfon ruwa ne aka ɗaura wa jirgi, don haka wanda ya saba da injin ban ruwa ya riga ya san rabin aikin.

Koken direba ɗaya ne kullum: "Jirgi ba ya ja." Maigidana da ya koya mini aiki ba ya taɓa sufana sai ya yi tambaya: "Malam, in ka ba shi wuta, kukan injin yana hawa ko yana shaƙewa?" Da wannan tambayar yake raba ciwo biyu da ba su da alaƙa. In inji yana kuka har ya wuce inda ya saba amma jirgi na jan ciki, lafiyar inji lau, famfo ne ba ya kama ruwa, kamar babur ɗin da kulocinsa ya cinye. In kuwa ka danna totur ƙarshe kukan ya ƙi kaiwa, to a nan ne za ka fara zargin mai, da wuta, da iska.

Na ga an sauke kafireto, an sayi sababbin filogi, har an fara maganar buɗe inji a sauya ringi, alhali leda ce ta manne a ragar ƙasa. Ledar ruwan sha guda ta isa ta toshe wani sashe na kafar, famfo ya fara haɗa ruwa da kumfa, jirgi ya riƙa karkarwa. Kainuwa da igiyar koma su ma haka, har su naɗe sandar da ke juya imfela, kuma in ta naɗu sosai tana iya danne injin ma ya kasa hawa. Ka kashe inji, ka cire makulli ka sa a aljihunka, sannan ka kai hannu. Wannan ba na wasa da shi ko da yarona ne zai duba.

Abin da ya fi cin jiragen nan a wajenmu yashi ne. Imfela tana juyawa cikin wani zobe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita 1 ba in suna da lafiya. Gulbin Rima kuwa yashi ne da laka. Direba zai tayar da inji a bakin gaɓa, ruwa iyakar idon sawu, ya ba shi wuta, famfo ya kwashi yashi da tsakuwa ya niƙa. Sannu a hankali zoben ya sassaƙe, bakin imfela ya dakushe, ruwan da ya kamata ya fita baya sai ya riƙa zamewa ta gefe. Na taɓa haska tocila ta bakin bututun wani jirgi, na ga zoben ya yi layi-layi, farcena yana shiga ciki, bakin imfelar kuma ya yi ramuka ƙanana. Na kira mai jirgin na ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Da ya leƙa, maganar sayen sabon inji ta mutu nan take. Yashin nan kuma ba a famfo kaɗai yake tsayawa ba: da yawa daga jiragen nan daga famfon suke ɗibar ruwan sanyaya inji, sai tiyo ya cushe, inji ya ɗau zafi, injina masu kwamfuta kuma su rage wa kansu wuta don kada su ƙone.

In laifin na inji ne, da mai nake farawa. Nakan tsiyayi fetur daga ƙasan tanki a kwalba mai haske in ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka ga ya kwanta ƙasa, layi ya raba su sarai. Man jarka da ya daɗe a rana, ko tankin da aka bari ba a rufe da kyau ba cikin damina, su ne ke jawo haka. Daga nan sai matatar mai, sai filogi, sai a gwada matsin kowace silinda. Ka kuma leƙa cikin jirgin can ƙasa ka duba, don ruwan da ya taru a ciki kaya ne da ba a lissafa ba.

Akwai raguwar ƙarfin da ba ciwo ba ce. A watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da yake samu da sanyin asuba. Wannan ba ya buƙatar sufana.

Zobe da imfela ba a samunsu a kasuwarmu, sai an yi odarsu daga nesa, jirgi kuma ya yi ta zama a kan tudu. Shi ya sa duk direban da na miƙa wa makulli nakan roƙe shi ya tura jirgin da hannu ko da gora har ruwa ya kusa kai masa ƙugu kafin ya tayar, kuma ya kashe inji tun bai iso gaɓa ba.