Daga Garwa zuwa Ngaundere a tirelar albasa

Bayan sallar asuba muka tsallake gadar Binuwai muka bar Garwa a arewacin Kamaru, tirela maƙare da buhunan albasa, ni a gaba tsakanin direba da yaron mota saboda rabin kayan nawa ne. Watan Fabrairu ne, hazo ya rufe ko'ina. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, amma ba nisan ne abin ji ba, hawan nan ne da ake kira falez, gaba da Mbe. Garwa tana can ƙasa a kwarin kogi, Ngaundere kuwa bisa tudun Adamawa take, sama da mita 1,000.

Mun wuce Ngong lafiya. Kafin Guna muka faɗa wani rami, sai allurar agogon zafi ta yi tsalle daga 85 ta kwanta a kan ja. Gabana ya faɗi, na ce a tsaya. Direban, dattijo mai furfura, ko a jikinsa.

"Alhaji, kwantar da hankalinka. Ruwa ba ya tafasa cikin ƙiftawar ido. Waya ce."

Haka kuwa aka yi. Da muka tsaya shan shayi yaron ya leƙa, ya tarar wayar da ke kai saƙon zafi daga injin ta goge tana taɓa ƙarfe. Ya naɗe ta da salatif, allura ta koma mazauninta.

A Mbe na sayi doya, wadda garin ya yi suna da ita. Daga nan aka shiga aiki. Tun kafin kwanar farko direban ya sauko ƙaramar giya, ya ce in ka bar inji yana nishi a babbar giya, fanka da famfon ruwa ba sa juyawa da sauri, ga kuma wuta na ƙaruwa. Duk da haka allurar ta fara tafiya, wannan karon a hankali: 90, 95, tana neman 100. Ni da na riga na saki jiki na ce ko wayar ce ta sake. Ya girgiza kai. Wadda ke rarrafe tare da hawa, in ji shi, gaskiya take faɗa.

Ya sami wuri mai faɗi ya raɓa, yaro ya dira ya sa katako a bayan tayoyi. Bai kashe inji ba, ya bar shi yana juyawa har allura ta sauko. Yaron ya kai hannu marfin lagireto, ya daka masa tsawa: "Kai, ɗan nan! Fuskarka kake so ta saɓule?"

Da inji ya huce ya bi abin daki-daki. Ya danna fanbel da babban yatsa, a ɗaure take. Ya dafa tiyon sama da na ƙasa, duka da zafi, ke nan tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto in inji ya yi zafi, na buɗewa. Da ya maƙale, da na ƙasan ya yi sanyi. Nan ya ɗan caccaki makanikan da ke cire shi su yar wai don ƙasarmu akwai zafi, ni ma ban taɓa ganin hikimar hakan ba. Ruwa bai ragu ba, da aka tayar da inji kuma babu kumfa a ruwan, ke nan gasket ɗin kan inji lafiya lau. Sai da ya haska tocila a gaban lagireto muka ga ɓarawon: auduga da ƙura sun dunƙule sun toshe ramukan iska kamar an shimfiɗa bargo. Ashe motar ta yi ta jigilar auduga kafin ta ɗauki kayana. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ɗan iskan da ke ratsawa ya isa, shi ya sa ba ta nuna komai ba sai da ta ga tudu.

Ya jona tiyo a tankin iskar birki, suka hura daga ciki zuwa waje, duk muka yi furu-furu. Sauran hawan allura ba ta wuce 90 ba. La'asar sakaliya muka shiga Ngaundere, sanyi ya sa na laluɓo rigar da matata ta cusa mini a jaka, dillalai kuma har sun fara kirana suna tambayar buhu nawa na kawo.